Rupert East da Hukumar Talifi: Baturen da rubutun Hausa na boko ya bi ta teburinsa

In ana zancen Turawan da suka mulki Arewacin Nijeriya, Lugga ake fara ambata, domin a ƙarƙashinsa aka ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903. Daga shi sai a gangaro kan gwamnoni da razdan-razdan da di'o-di'o, masu tara haraji da tuɓe sarakuna. Ba kasafai jami'in ilimi ke shiga wannan lissafi ba. Amma a ganina, in za a auna mutum da abin da ya bari wanda har yau muke taɓawa kullum, kaɗan ne daga cikin ma'aikatan gwamnatin Ingila za su kamo ƙafar Dokta Rupert Moultrie East. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ da mai karatu ke gani a wannan rubutu, da ƙagaggun labarai na farko da aka buga da boko, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, duk da hannunsa a ciki.

An haifi East a 1898, ya yi karatu a Oxford, ya zo Nijeriya a shekarun 1920 a matsayin ma'aikacin Sashen Ilimi na Lardunan Arewa. Mutum ne mai kunnen harshe. Ya yi aiki cikin Tibi a yankin Binuwai, ya koyi harshensu har ya kai ga yin fassara daga gare shi. Ya tattara labaran tarihin Adamawa da Fulatanci ya buga su tare da fassarar Ingilishi. Amma a Zariya ya yi aikin da aka san shi da shi, kusan shekara ashirin, har ya bar ƙasar a farkon shekarun 1950. Ya mutu a 1975.

Kafin a yi masa hukunci, sai an san abin da ya tarar. Ƙasar Hausa ta san alƙalami da tawada ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya taka ta. Shehu Magili ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki. Katsina ta yi Ɗan Masani da Ɗan Marina a ƙarni na 17. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar ɗaruruwan littattafai da Larabci, ga kuma waƙoƙi da Fulatanci da Hausa cikin ajami. Nana Asma'u ta tsara waƙoƙin da jajoji, wato malamai mata da ta horar, ke ɗauka su kai wa mata 'yan taru a ƙauyuka. Makarantun allo kuwa dubbai ne. Wasiƙun sarakuna da hukuncin alƙalai da lissafin fatake duk a rubuce suke.

Gwamnatin mallaka ta zo ta zaɓi haruffan Turawa. Ko a tsakanin Turawan an yi gardama a kan haka, amma masu son boko suka yi rinjaye. Dalilinsu na aiki ne: jami'in da ke duba littafin haraji ko rajistar kotu yana son ya karanta da idonsa, mafi yawansu kuma ba su iya baƙaƙen Larabci ba. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko a 1912. Aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 don horar da malaman makaranta. Abin da gwamnati ke nema a fili yake: malaman haraji, da akawu, da malaman kotu, da malaman asibiti, waɗanda za su riƙe ofisoshin En'e a kan albashi kaɗan.

Sai matsala ta ɓullo. An koya wa yaro karatu, ya iya, to me zai karanta? Bayan littafin aji babu wani abu. Wanda ya bar elemantare ya koma gida, in bai samu aikin ofis ba, shekara biyu uku sai karatun ya gudu. Don toshe wannan kafa aka kafa Hukumar Fassara wajen 1929, ta fara a Kano, daga baya ta koma Zariya, aka kuma damƙa ta ga East. Aikinta na farko shi ne juyar da littattafai daga Larabci da Ingilishi zuwa Hausa. A nan aka samu Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda ya kawo tsofaffin tarihohin da ke rubuce da Larabci ga mai karatun boko. East da kansa ya shirya littafin gajerun wasannin kwaikwayo guda shida don 'yan makaranta.

Inda ya bambanta da sauran abokan aikinsa shi ne ya gane da wuri cewa fassara kaɗai ba za ta sa mutane su so karatu ba. Littafin da aka yi tunaninsa da wani harshe, komai gwanintar mai juyawa, ba ya zama a bakin Bahaushe yadda nasa ke zama. Abin da ake bukata shi ne Hausawa su rubuta da kansu, da Hausarsu, don 'yan uwansu. Wannan ra'ayi ne ya sa hukumar ta sauya suna ta koma Hukumar Talifi, kuma shi ya haifi gasar 1933.

East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana ganawa da malamai, yana roƙonsu su rubuta dogon labari na ƙirƙira. A wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kansu su yarda abin ya cancanci a yi. A wurin malami, alƙalami na ilimi ne da wa'azi da tarihi. Tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara, da dare ake yin ta, kuma kowa ya san ƙarya ce tun daga ga ta nan ga ta nanku har zuwa ƙurunƙus. Dattijo mai mutunci ya zauna ya ɓata takarda da tawada wajen rubuta abin da bai faru ba? East ya ɗora wannan ɗabi'a a kan tasirin Musulunci, wanda a cewarsa yake sa mutum tsananin nauyin kai. A nan ban bi shi ba. Malaman da suka karanta Muƙamatul Hariri a zaure sun san ƙagaggen labari, sun san raha da wasa da harshe. Abin da ya zame musu baƙo shi ne a yi shi da Hausa, da haruffan Nasara, bisa roƙon jami'in gwamnatin da ta ci ƙasarsu shekara talatin da suka wuce. Ɗari-ɗarin da suka yi yana da dalili.

Waɗanda suka amsa kira galibi mutanen makarantun gwamnati ne. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da shi kansa East. Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa bai kai shi ba ma, malamin makaranta ne a Bauci, ba wanda ya san zai zama Firayim Minista.

Biyu daga cikin littattafan nan sun cancanci a tsaya a kansu, don suna nuna iyakar da aka ba marubuci. Jarumin littafin Ganɗoki mayaƙi ne da ya fuskanci Turawa da takobi, yana kirari, yana bugun ƙirji. A ce ofishin gwamnatin mallaka ne ya buga wannan, abin a jinjina ne. Amma bayan an ci su da yaƙi, labarin sai ya bar duniyar mutane ya shiga ƙasashen aljannu, a can jarumtar ta ƙarasa. Shaihu Umar kuwa labarin yaro ne da aka sace, aka bi da shi ta hamada, da uwar da ta sha azaba tana nemansa. Littafi ne mai taɓa zuciya, kuma abin da ya faɗa game da bauta gaskiya ne. Sai dai kuma ya yi daidai da hujjar da Turawa suka fi so su kafa, cewa sun zo ne su hana cinikin bayi. A cikin biyar ɗin babu wanda ya ɗauki di'o ko harajin Bature ko aikin tilas na lokacin ya sa a tsakiyar labari. Ba sai an kafa doka a rubuce ba. Marubutan ma'aikatan gwamnati ne ko na En'e, mai tace rubutun jami'in gwamnati ne, kuɗin bugawa na gwamnati ne.

Haɗuwar East da Imam ita ce ta fi kowace albarka. A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina aka kawo shi Zariya na wata shida. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa. Imam ya karanta, ya zauna ya rubuta, su zauna tare su bi abin da ya rubuta. Daga nan Magana Jari Ce ya fito, juzu'i uku, labarai sama da 80, ya fara shiga hannun jama'a a 1937. Masu nazari irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi sawun labaran, sun nuna waɗanda suka samo asali daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan uwan nan Grimm. Shi kansa tsarin aku mai ba da labari don ya tsare ɗan sarki a gida, daga Indiya ya taso.

Wasu in sun ji haka sai ransu ya ɓaci, kamar an ce Imam ya yi sata. Ni ban ga abin ɓacin rai ba. Ɗauki kowane labari a ciki ka karanta da ƙarfi. Sarkin da fadawansa, da 'yan kasuwar, da ɓarayin, da alƙalin, da irin baƙar maganar da suke jefa wa juna, ba wanda za ka ce baƙo ne. Yara da yawa sun girma suna ɗauka kakanninsu ne suka ƙago labaran. Wannan gwaninta ta Imam ce, East ba zai iya ba ko da ya shekara ɗari a Zariya. Abin da East ya bayar shi ne lokaci, da kayan aiki, da idon edita, da injin bugawa. Ya kuma ba da ƙa'idoji. Imam ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa East ya koya masa abubuwan yi da na bari a rubutu, daga ciki har da kada a bar mugu ya yi nasara a kan mutumin kirki a ƙagaggen labari. Ƙa'ida ce ta littafin 'yan makaranta, ta kuma dace da tarbiyyar Hausawa, shi ya sa ta kama ƙasa. Amma ta daɗe tana bin marubutanmu, har ta kai ga ana auna labari da darasin da ya koyar kafin a duba ko ya faɗi gaskiyar rayuwa, inda sau da yawa azzalumi ke mutuwa a gadonsa cikin daula.

Wanda yake son ya ga nauyin hannun East a kan rubutun wani, ya duba abin da ya faru da Akiga Sai, Batibin da ya rubuta tarihin mutanensa da harshensu. East ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a 1939, littafin ya yi suna a wurin masana. Ba don East ba da wuya duniya ta san Akiga a lokacin. Amma ya zubar da kaso mai yawa na rubutun, ya sake jera abin da ya rage, ya cusa nasa bayanin a tsakani. Sai a 2015 aka buga cikakken aikin da Ingilishi, shekara 76 bayan na farko. Halin mutumin ke nan a taƙaice: yana girmama basirar Baƙar fata da gaske, yana yi mata hidima da ƙarfinsa, kuma bai taɓa shakkar cewa shi ne ya san abin da ya dace a bari da abin da ya dace a cire ba.

Batun haruffa gajere ne amma yana da nauyi. Hausa na da sautukan da Ingilishi ba shi da su, kuma rubutun farko ya yi ta fama da su, wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa waƙafi a gabansa. A shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, East na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan haka, littattafai da jaridar da ke fitowa daga Zariya kuma su suka zaunar da su a idon jama'a. Da su ne mai karatu ke raba baki da baƙi. An bar tsawon wasali da karin sauti ba alama, aka dogara ga Bahaushe ya gane daga zubin jimla. Aka kuma ɗauki Hausar Kano ta zama ma'auni. Basakkwace da ke cewa gidanai ya shiga aji aka ce ya rubuta gidansa. An samu daidaito, wanda ya sa yau littafin da aka buga a Kano ake karanta shi a Kumasi da Yawunde. A Nijar, inda Faransa ta tsaya kan Faransanci a makarantunta, ba a yi irin wannan hukuma ba, sai bayan 'yancin kai aka zauna daidaita rubutu, har yau kuma suna rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y.

A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, ana sayar da ita kwabo ɗaya, Imam ne editanta na Hausa. Ruwa ba ya tsami banza. Yaƙi na ƙaratowa a Turai, jita-jita ta cika gari cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Hitila, jaridun Legas kuma suna shigowa Arewa da zafafan ra'ayoyi. Gwamnati na son bakin da za ta yi magana da talakawa kai tsaye. An taɓa gwada wata jarida a farkon shekarun 1930 mai harsuna uku, Hausa da Larabci da Ingilishi, amma ba ta shiga jama'a kamar wannan ba. Gaskiya ta shiga ne saboda Hausarta. Mutum ɗaya zai saya, ya zauna a zaure ko a tashar jirgi ya karanta, goma na saurare. An kuma riƙa haɗawa da 'yar takarda cikin ajami don waɗanda ba su iya boko ba, wanda ke nuna masu jaridar sun san inda yawancin masu karatu suke.

Abin da gwamnati ta shuka don kanta sai ya yi 'ya'yan da ba ta yi tsammani ba. Wasiƙun masu karatu suka riƙa kwararowa, ana kuka da zalunci da cin hanci da halin ma'aikatan En'e. 'Yan bokon Arewa, waɗanda ke warwatse daga Sakkwato zuwa Yola, suka fara jin muryar juna. A 1943 Imam ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. Ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, amma ya gana da Lugga, wanda ya tsufa ya yi ritaya, ya zayyana masa illolin mulkin En'e da koken matasan Arewa. Ƙungiyoyin da suka rikiɗe suka zama jam'iyyun siyasa a ƙarshen shekarun 1940 sun tashi ne a cikin mutanen da jaridar ta saba wa da muhawara a rubuce.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, East ya shugabance shi. Daga nan aka fara buga jaridar Ingilishi ta Nigerian Citizen a 1948. Shi da Imam sun kuma haɗu sun rubuta Ikon Allah, littafin da ya bayyana halittu da sararin sama da Hausa mai sauƙi. Bayan tafiyarsa hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, ta ɗauki aikin a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya gaje ta a 1966. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shafe fiye da shekara sittin tana fitowa.

Akwai masu kiran East uban adabin Hausa. Wannan kirari ya yi masa yawa, kuma zalunci ne ga Nana Asma'u da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi da dubban malaman da suka rubuta waƙa kafin a haife shi. Akwai kuma masu cewa ɗan mulkin mallaka ne kawai, duk abin da ya yi dabara ce ta mallake tunani. Su ma sun bar rabin magana, domin da dabara kaɗai ce, da fassarar littattafan Ingila ta ishe shi, ba sai ya bi gari gari yana neman Bahaushen da zai rubuta nasa ba. Ma'aikaci ne da ya yi wa gwamnatinsa aiki da aminci, ya kuma so Hausa da gaske, abubuwan biyu suka zauna a cikinsa ba tare da ya ga sun yi karo ba.

Ƙofar da ya tsare ƙunci gare ta. Marubutan nan biyar duk maza ne, duk daga da'irar gwamnati. An kai wajen 1980 kafin ƙagaggen littafin mace, na Hafsat Abdulwaheed, ya fito daga Zariya. Da marubutan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a shekarun 1980, mata da yawa a cikinsu, suna rubuta auren dole da kishi da saki, sai wasu masana suka raina su, suka kira abin adabin kasuwa, da ma'aunin da aka gada daga Hukumar Talifi. Alhali burin East na farko, wato talaka ya sayi littafin Hausa da kuɗinsa don yana jin daɗinsa, a hannun waɗannan marubuta ya cika.

Asarar da ta fi ci mini rai ita ce ta ajami. East bai fara ture shi ba, an yanke wannan shawara tun yana yaro a Ingila. Amma nasarar aikinsa ce ta sa boko ya samu injin bugawa da jarida da manhaja da albashi, ajami ya tsaya a zaure da hannun masu kwafe waƙoƙi. Da aka zo Yaƙi da Jahilci, malamin da ya haddace Alƙur'ani yake rubuta wasiƙa da ajami sai ya wayi gari cikin waɗanda ake ƙirgawa ba su iya karatu ba. An yi ƙoƙarin farfaɗo da shi, kamar jaridar Alfijir da kamfanin Triumph ya riƙa bugawa a Kano, amma tafiyar ta yi nisa. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga ƙananan takardun naira, a 2014 kuma sabuwar naira ɗari ta fito da boko a gurbinsa, mutane da yawa ma suna ɗauka Larabci aka cire, ba su san Hausa ce ba. Rubuce-rubucen kakanninmu suna nan jibge a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da akwatunan gidajen malamai. Ɗalibin da ya ci jarrabawar Hausa a sakandare da kyakkyawan sakamako, in aka miƙa masa shafi ɗaya daga ciki, sau da yawa sai ya nemi almajiri ya karanta masa. Sa ajami a darasin Hausa tun daga firamare bai fi ƙarfin ma'aikatun ilimi na jihohinmu ba, malaman da za su koyar da shi kuwa suna nan a kowace unguwa.